A Raba Masu Koyon Zane Da Kilina

Duk wanda ya ratsa Sabon Badun, ko Agege da Idi-Araba a Ikko, ko Sabon Shagamu, ko Ama Hausa ta Owerri, zai tarar da 'yan Arewa da yawa waɗanda abincinsu yake a bakin alƙalami, ko da ba su taɓa kiran kansu masu zane ba. Akwai mai zana wuyan riga da aljihu kafin a miƙa wa mai ɗinki, akwai mai zana hula, akwai mai rubuta allon shago da jikin manyan motoci, ga kuma mata masu yi wa amare zanen lalle. Dukansu jarinsu ɗaya ne, watau layi. In layin ya fita sumul a ja guda, ciniki ya zo. In kuwa ya fita yana rawa, ko an bi ta kansa sau biyar har ya zama kamar tonon kaza, mai kaya ba zai tsaya jayayya ba, zai dai naɗe kayansa ya yi gaba.

Abin da ya jawo wannan magana shi ne wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare ga yara masu koyon waɗannan sana'o'i. Sai a ga yaro ya duƙufa a kan takarda, fensir a hannun dama, kilina a hannun hagu, yana jan layi gutsure-gutsure: ya ja kaɗan ya tsaya, ya koma ya bi ta kai, ya goge, ya sake. Kafin ya gama dagi guda takarda ta yi baƙi, wani lokaci har ta huje. In an tambaye shi sai ya ce taka-tsantsan yake yi. Gaskiyar magana tsoro ne, kuma kilinar nan ce take ciyar da tsoron, domin muddin yaro ya san zai iya gogewa, ba zai tsaya ya yanke shawarar inda layi zai tashi da inda zai sauka kafin ya ɗora hannu ba. Saboda haka ya kamata iyayen gida su karɓe kilina daga hannun mai koyo lokacin gwaji, su ba shi biro ko alƙalami da tawada.

Dalili kuwa a fili yake. Kayan da yaron zai yi aiki a kansu in ya ƙware ba su san gogewa ba. Mai ɗinki ba ya gyara zane, bin sa yake yi. In aska takwas ta karkace a zane, a karkace za ta fito a zare, kuma ba a farke aikin makonni a jikin shadda mai tsada irin su Getzner ba tare da ramukan allura sun nuna ba. Lalle in ya kama fata sai ya yi mako biyu ko fiye, amarya kuwa ba ta da wani hannun da za ta shiga biki da shi. Fenti ma haka: harafin da ya kwanta a jikin mota zai riƙa yawo tsakanin Ikko da Kano yana tallan rashin iyawar wanda ya rubuta shi. To, ina amfanin a horar da yaro shekara biyu da abin gogewa, sa'an nan a jefa shi cikin aikin da babu gogewa?

Ta wannan fuska makarantar allo ta yi wa mutane wani amfani da ba a cika lura da shi ba. Yaron da ya fara rubutu da alƙalamin gamba ya san cewa in ya tsaya a tsakiyar harafi tawada za ta taru ta yi dunƙule, in ya danna da ƙarfi bakin alƙalami ya tsage. Tilas ya san siffar harafin a zuciyarsa tukuna, sa'an nan ya ja shi a tafi ɗaya. Masu zayyanar allon sauka, waɗanda suke cika allo da layuka da zobba masu daidaito, daga nan hannunsu ya samo tushe. Horon nan ba ya bukatar kuɗi, kuma babu abin da zai hana a mai da shi shagon tela ko rumfar mai fenti.

Amma karɓe kilina kaɗai ba zai wadatar ba, sai an gaya wa mai koyo abin da ke sa layi rawa. Likitoci sun tabbatar cewa hannun kowane mutum, komai lafiyarsa, yana da wata 'yar karkarwa da ido ba ya gani, kimanin sau 8 zuwa 12 a cikin daƙiƙa guda. In mutum ya ja layi a hankali ƙwarai, sai takarda ta kwashe wannan karkarwa duka, har ila yau ido ya samu damar tsoma baki, ya ce a yi dama kaɗan, a yi hagu kaɗan, kowane gyara kuwa lanƙwasa ne a jikin layin. In ya ja shi da matsakaicin sauri sai karkarwar ta bazu ta ɓace. Daɗin daɗawa, matse alƙalami da ƙarfi, da gajiya, da fargaba, duk suna ƙara rawar hannu. Shi ya sa yaron da maigida ke tsaye a kansa yana yi masa tsawa ya fi kowa ɓata layi.

Abu na biyu shi ne gaɓar da ake zane da ita. Wanda ya saba da rubutun boko da yatsu da wuyan hannu yake aiki, domin haruffa ƙanana ne. Wuyan hannu kuwa kamar ƙyaure yake, a wuri guda yake juyawa, tafiyarsa gajera ce kuma a lanƙwashe. Wanda ya nemi jan dogon layi da shi dole ya yi ta ɗaga hannu yana haɗa guntaye, a nan ne layi ke yin gashi-gashi. Dogon layi aikin gwiwar hannu ne da kafaɗa. A tsai da wuyan hannu, a bar gefen hannu ko ƙaramin yatsa yana shafar takarda sama-sama, a bar damtse duka ya yi tafiyar. Yatsu suna da ranarsu wajen ƙananan abubuwa kamar cikon hula, amma ba su ne za su zana tsawon aska ba.

Ga yadda gwajin yake, kuma minti 15 a kullum ya isa. Mai koyo ya sami tsohuwar jarida ko bayan takardar da aka gama da ita, ya ɗiga ɗigo biyu da tazarar taƙi guda. Kafin biro ya taɓa takarda, ya kai hannu ya komo a iska tsakanin ɗigon biyu sau uku ko huɗu, har hannu ya gane hanya. Sa'an nan ya sauke biro ya ja sau ɗaya, idonsa a kan ɗigon da za shi, kamar yadda mai keke ke duban inda ya nufa maimakon tayar gaba. In layin ya kuskure ɗigo, ya bar shi haka nan, kada ya gyara. Layi miƙaƙƙe da ya saɓa wa ɗigo kaɗan ya fi layi mai rawa da ya sauka daidai, domin saiti yana zuwa da yau da gobe, rawa kuwa in ta zama jiki wuyar fita gare ta.

In ya cika shafi da wannan, sai ya shiga jera layuka kusa da juna da tazara ɗaya, sa'an nan zobba, sa'an nan siffar ƙwai, sa'an nan layi mai lanƙwasa biyu kamar tafiyar maciji, wanda shi ne uwar dagi da yawancin furannin lalle. Kada ya ji kunyar juya takarda. Ga mai amfani da dama, layin da ya fi zuwa da sauƙi shi ne wanda ya tashi daga ƙasa ta hagu ya nufi sama ta dama, ƙwararru kuwa juya takarda suke yi don kowane layi ya faɗo ta inda hannu ya fi so. Ya riƙa rubuta kwanan wata a kan kowane shafi yana ajiyewa. Ran da zuciya ta karaya, sai ya ɗauko na watan jiya ya gwada da na yau. Mutanen da can ma sun san wannan: marubucin nan na Rum, Pliny, ya ba da labarin Apelles, mai zanen Sarki Iskandari na Girka, cewa komai yawan hidimarsa ba ya barin rana ta wuce bai ja layi ba. Bahaushe ya ce yau da gobe ka sa allura ginin rijiya.

Zaman Kudu ma makaranta ce ga wanda ya buɗe ido. A Abekuta da Badun matan Yarabawa masu yin adire suna zana ado a kan farin yadi da kunun rogo, da gashin kaza a madadin alƙalami, kafin a kai shi marina, babu rula babu kilina. A ƙasar Ibo mata sun daɗe suna yin zanen uli a jiki da bangon ɗaki, layuka sirara masu lanƙwasa waɗanda in an ja an ja ke nan. Wannan zane na mata shi ne marigayi Uche Okeke ya ɗauka ya kai jami'a. Ya tashi a Kafancan, ya yi karatun zane a kwalejin Zariya wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma yana cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, tare da su Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Da ya koma Jami'ar Nsukka a farkon shekarun 1970 sai ya sa uli ya zama ginshiƙin koyarwa a sashen zane. Ya rasu a 2016, sunansa kuwa ya kai ƙasashen waje saboda tsabtar layinsa. In layin matan ƙauye ya kai mutum nan, babu dalilin da zai sa mai zana hula ya raina nasa.

Wasu za su ce ai wannan baiwa ce, wanda Allah ya ba shi ya ba shi. Babu mai musun cewa wani ya fi wani ido. Amma tsayuwar hannu aba ce da ake koyo, kamar yadda wanzami da mahauci da direba suka koyi tasu. Ba a taɓa haihuwar yaro da iya yankan kilishi fale-fale ba, yanka ya yi ta yi har wuƙa ta san hannunsa. Kalmar baiwa sau da yawa mafaka ce ga maigidan da ya ƙi koyarwa da yaron da ya ƙi zama.

Wasu kuma za su ce manyan masu zane ma suna amfani da fensir da kilina. Haka ne, kuma ba a ce a jefa su rijiya ba. Ƙwararre yakan fara da fensir mai tauri, irin mai alamar H, ya shata awo da tsakiya da iyaka da layi mara nauyi wanda da ƙyar ake gani, sa'an nan ya ɗauki mai taushi irin 2B, ko tawada, ya ja layin gaskiya sau ɗaya a kai. In ya gama sai ya share shatar. Watau kilinarsa tsintsiya ce ta bayan aiki. Ta mai koyo kuwa ta zama sandar dogarawa, wanda ya dogara da sanda tun yana da ƙafa kuwa ba zai yi gudu ba.

Magana ta uku ta fi nauyi, ita ce ta na'ura. Kekunan surfani masu aiki da kwamfuta sun karɓe aiki mai yawa daga masu ɗinkin hannu, sun fi sauri, sun fi araha, kuma ɓoye wannan yaudarar kai ce. Sai dai na'ura tana ɗinka abin da wani ya zana ne. Shagunan da suke kwafar zane ɗaya daga waya zuwa waya rigunansu duk kama ɗaya suke yi, har a haɗu wurin ɗaurin aure mutum biyar da wuya iri guda. Wanda zai iya zama gaban mai kaya ya zana masa sabon abu nan take, da layi mai tsabta da za a iya ɗauka a sa wa na'ura, shi ne ba za a rasa nemansa ba. Ya kamata a kuma lura cewa maɓallin komawa baya da ke cikin waya da kwamfuta kilina ce sabuwa, har ta fi tsohuwar sangarta hannu, tun da ba ta huda takarda balle mutum ya ji kunya.

Saboda haka kira ya tafi ga iyayen gida, teloli da masu fenti da uwayen ɗakin masu lalle. Yaron da aka kawo daga Katsina ko Sakkwato ko Haɗeja don ya koyi sana'a amana ne, bai kamata shekarunsa su ƙare a sayen abinci da guga da sharar shago ba. A ware masa rubu'in awa da safe kafin kasuwa ta buɗe, a ba shi biro da tsohuwar takarda, a duba aikinsa ba tare da zagi ba, a nuna masa layin da ya fi kyau a shafin don ya san abin da zai nema gobe. Shugabannin ƙungiyoyin sana'a a unguwannin Hausawa za su iya sa wannan cikin sharuɗɗan yaye yaro: a ba shi yadi da alƙalami, ya zana wuyan riga a gaban dattawa ba tare da gogewa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Su kuma samari da 'yan mata masu koyo su sani cewa a baƙon gari, inda mutum ba shi da gona ba shi da gado, hannunsa ne gonarsa. Shafukan farko za su yi muni, wannan babu makawa, amma gara munin ya ƙare a kan tsohuwar jarida da ya fito a kan shaddar mutane. Allah ya sa wa sana'a albarka, ya ba mai koyo haƙuri, amin.