Fasto a Minti Biyar na Ƙarshe

Kowane irin fim da tasa hanya. A fim ɗin soyayya na Kannywood, samari biyu ne kan budurwa ɗaya, sai rawa da waƙa irin ta Indiya. A na tsafi kuwa, tun daga Living in Bondage na 1992 an san inda za a dosa: kuɗin jini, mugu ya haukace, a ƙarshe a kai shi coci, komai ya warware.

Abin takaici, wannan hanya muka kwaso zuwa wasan kwaikwayon zumuntar matasa a Kankiya da Kusada. Mai bi ya sha wuya minti ashirin, fasto ya shigo ya ɗora masa hannu, sai ga mota da aure. Mu tafa, mu ce bishara ce. A'a, dabarar masu sayar da fim ce.

Ku dubi bencin baya. Ga manomin da ya yi addu'a, ruwa ya ɗauke, gero bai nuna ba. Ga gwauruwar da ta binne mijinta. Me muka gaya musu? Bangaskiyarsu ce ta kasa?

An jajjefi Istifanas har ya mutu (Ayyukan Manzanni 7). Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku ya cire masa ƙaya, aka bar masa ita, aka ba shi alheri (2 Korintiyawa 12).

Kirsimetin bana, mu shirya wasan da mai bi bai samu mota ba, amma bai saki Yesu ba. Ubangiji ya taimake mu. Amin.