Alƙalan da ke naɗa gwamna a Zamfara, wa ke tantance su?

Ranar Juma'a 25 ga Janairun 2019 abubuwa uku suka faru waɗanda ya kamata kowane ɗan Zamfara ya riƙa tunawa da su tare. A Gusau, Babbar Kotun Jiha ta ce jam'iyyar APC ta gudanar da zaɓen fidda gwani, don haka hukumar zaɓe ta karɓi 'yan takararta. A Abuja kuma Babbar Kotun Tarayya ta ce hukumar zaɓe ta yi daidai da ta ƙi karɓar sunayen. Kafin rana ta faɗi, Shugaba Muhammadu Buhari ya dakatar da Alƙalin Alƙalan Najeriya, Walter Onnoghen, ya rantsar da Ibrahim Tanko Muhammad a matsayin muƙaddashi, ana saura makonni kaɗan a shiga babban zaɓe.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Mutanen Mada da Tsafe da Bunguɗu da sauran garuruwan jihar sun fito ranar 9 ga Maris, wasu daga ƙauyukan da ko zuwa kasuwa sai da addu'a, suka bi layi suka dangwala. Mukhtar Shehu Idris na APC ya samu ƙuri'a 534,541, Bello Matawalle na PDP ya samu 189,452. Ranar 24 ga Mayu, ana saura kwana 5 a miƙa mulki, alƙalai 5 na Kotun Ƙoli a ƙarƙashin jagorancin Tanko Muhammad suka yanke hukuncin cewa APC ba ta yi sahihin zaɓen fidda gwani ba, saboda haka duk ƙuri'un da aka kaɗa mata sun tashi a banza. Kujerar gwamna da ta mataimakinsa, sanatoci 3, 'yan majalisar wakilai 7 da 'yan majalisar jiha 24 duk suka koma hannun waɗanda suka zo na biyu.

Ba muna cewa hukuncin bai yi daidai ba ne. Rigimar ɓangaren Abdul'aziz Yari da na Sanata Kabiru Marafa ce ta kai jam'iyyar ta baro, kuma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Abin lura shi ne mutum 5 sun sauya shugabancin jiha guda a zama ɗaya. Bayan shekara 4 aka sake kwatawa: a Nuwamban 2023 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce zaɓen Dauda Lawal bai kammalu ba, a sake shi a wasu sassan Maradun da Birnin Magaji da Bukkuyum, sai ranar 12 ga Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta soke wannan hukunci ta tabbatar masa da kujerarsa. Sau biyu ke nan a jere da maganar ƙarshe kan wanda zai zauna gidan gwamnati a Gusau ta fito daga bakin alƙalai. Duk da haka, da wuya ka samu wanda zai iya gaya maka tambaya ɗaya tak da aka yi wa ɗaya daga cikin alƙalan nan kafin a ɗora shi bisa kujerar.

A takarda tsarin ba shi da laifi. Sashe na 231 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce shugaban ƙasa ne ke naɗa Alƙalin Alƙalai da sauran alƙalan Kotun Ƙoli bisa shawarar Majalisar Kula da Harkokin Shari'a ta Ƙasa, wato NJC, amma sai Majalisar Dattawa ta amince. Haka shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara da babban alƙalin Babbar Kotun Tarayya. Ƙofa uku ke nan, kuma ta ƙarshen ce kaɗai take hannun mutanen da talaka ya zaɓa su wakilce shi daga mazaɓarsa.

A duba yadda ake tsaron wannan ƙofa. A ƙarshen 2023 alƙalan Kotun Ƙoli sun ragu zuwa 10, alhali tana da gurbin 21. Shugaba Bola Tinubu ya aika sunayen mutum 11. Aka karanta wasiƙarsa a zauren majalisa ranar 20 ga Disamba, aka miƙa wa kwamitin shari'a na Sanata Tahir Monguno, washegari 21 ga wata aka amince da su duka. Fiye da rabin kotun da ba a ɗaukaka ƙara a kan hukuncinta aka cike cikin kwana ɗaya. Mutanen nan ƙwararru ne da suka daɗe a Kotun Ɗaukaka Ƙara, cikinsu har da Jamilu Tukur da Abubakar Sadiq Umar daga Arewa maso Yamma, kuma ba mu da wani zargi a kansu. Sai dai kowannensu ya rubuta hukunce-hukunce masu yawa a tsawon aikinsa. Wane sanata ne ya karanta ko da goma daga ciki a daren? Mai neman aurar da 'yarsa ma yakan ɗauki lokacin da ya fi haka yana binciken asali da hali.

A Amurka lamarin ya yi hannun riga da namu, har ya wuce gona da iri. A 1987 Majalisar Dattawa ta ƙi amincewa da Robert Bork da ƙuri'a 58 da 42 bayan ta tsefe rubuce-rubucensa a bainar jama'a. A 2016 Barack Obama ya gabatar da Merrick Garland, jagoran 'yan Republican Mitch McConnell ya hana ko sauraronsa, bisa hujjar cewa shekarar zaɓe ce, har wa'adin sunan ya ƙare. A 2020 kuwa McConnell ɗin nan ya jagoranci amincewa da Amy Coney Barrett da ƙuri'a 52 da 48, ana saura kwana 8 zaɓe. Brett Kavanaugh ya sha da ƙyar a 2018, da 50 da 48. Alƙalansu ba su da shekarun ritaya, shi ya sa kowace jam'iyya take ɗaukar gurbi ɗaya kamar yaƙin gado, kuma yau Ba'amurke yakan faɗi yadda alƙali zai yanke hukunci da zarar ya san shugaban da ya naɗa shi. Ba abin sha'awa ba ne, ba kuma shi muke roƙo ba. Amma ko ba komai ana yin faɗan da rana tsaka, a gaban kyamara, kuma an san sunan kowane sanata da ɓangaren da ya kaɗa wa ƙuri'a.

Mu ma muna faɗa a kan alƙalai. Bambancin kawai shi ne namu a ɗaki ake yin sa, ko kuma bayan an gama rantsarwa. Onnoghen ya hau riƙo a Nuwamban 2016, aka bar shi yana jira kusan wata uku ba tare da fadar shugaban ƙasa ta ce uffan ba, sai a Fabrairun 2017 Yemi Osinbajo, yana muƙaddashin shugaban ƙasa, ya aika sunansa majalisa. Da aka tashi cire shi kuma ba a bi ta majalisar ba, duk da sashe na 292 ya ce sai da goyon bayan kashi biyu bisa uku na sanatoci. Umarnin Kotun Ɗa'ar Ma'aikata aka riƙe hujja. Majalisar Bukola Saraki ta garzaya Kotun Ƙoli, daga baya ta janye ƙarar. A Nuwamban 2024 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin da aka yi masa, lokacin da babu sauran kujerar da zai koma.

Wanda ya gaje shi, Tanko Muhammad, majalisa ta amince da shi ranar 17 ga Yulin 2019. Bai cika shekara 3 ba alƙalai 14 na kotunsa suka rubuta masa takardar koke kan yadda yake tafiyar da ita, kuma ya ajiye aiki ranar 27 ga Yunin 2022 bisa dalilin rashin lafiya. Masu dogon tunani za su tuna da Ayo Salami, shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara da aka dakatar a Agustan 2011 bayan ya zargi Alƙalin Alƙalai na lokacin, Aloysius Katsina-Alu, da neman sa baki a shari'ar zaɓen gwamnan Sakkwato. NJC ta ba da shawarar a mayar da shi a 2012, gwamnatin Goodluck Jonathan ta yi kunnen uwar shegu har ya kai shekarun ritaya. A duk waɗannan, ihu bayan hari majalisa ta yi, inda ma ta yi ihun.

Akwai kuma wani giɓi da ba a cika magana a kansa ba. Sauran alƙalan Kotun Ɗaukaka Ƙara da na Babbar Kotun Tarayya ba sa bi ta gaban majalisa ko kaɗan. NJC ta ba da suna, shugaban ƙasa ya sa hannu, shi ke nan. Alhali a shari'ar zaɓen sanata da ɗan majalisar wakilai da na jiha, Kotun Ɗaukaka Ƙara ce tiƙe. Mutanen Filato sun ɗanɗana wannan a 2023, lokacin da kotun ta kori 'yan majalisar PDP da dama bisa hujjar rikicin shugabancin jam'iyya. Da shari'ar Gwamna Caleb Mutfwang ta isa Kotun Ƙoli, ta ce hujjar ba ta da tushe ta mayar masa da kujerarsa, a ranar da ta tabbatar da Dauda Lawal da Abba Kabir Yusuf na Kano. Su kuwa 'yan majalisar babu inda za su kai kuka. Abin da ya samu Filato zai iya samun kujerar Gusau da Tsafe ko ta Bunguɗu da Maru a kowane zaɓe.

To idan majalisa ba ta tantancewa, ashe dukkan nauyin yana kan NJC. Mambobinta 24 ne, Alƙalin Alƙalai ne shugabanta, kuma 19 daga cikinsu shi ke naɗa su. Shi ne kuma shugaban hukumar da ke tace sunayen tun farko kafin su iso NJC. Ba 'yan adawa ne suka fara kukan wannan ba. Mai Shari'a Musa Dattijo Muhammad, na biyu a girma a Kotun Ƙoli, shi ya tsaya ranar bankwanarsa, 27 ga Oktoban 2023, ya ce ikon da aka tara a hannun mutum ɗaya ya yi yawa. A watan ne aka rantsar da ɗan Alƙalin Alƙalai na lokacin, Olukayode Ariwoola, a matsayin alƙalin Babbar Kotun Tarayya. Kasancewa ɗan alƙali ba laifi ba ne, ɗan malam ma yakan gaji allo. Amma tsarin da uba ke shugabantar zaman da ake tace sunan ɗansa, kuma babu wani dandali da za a yi tambaya a fili, yana cutar da ɗan ma kansa, don ko ya cancanta ba kowa zai yarda ba.

Mun san abin da za a ce: a bai wa sanatoci ƙarin iko a kan alƙalai ai bai wa kura ajiyar nama ne. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Da yawansu ta kotu suka shigo zauren. Ahmad Lawan da hukuncin alƙalai 3 da 2 ya karɓe takarar Yobe ta Arewa daga hannun Bashir Machina a Fabrairun 2023, Godswill Akpabio ma Kotun Ƙoli ce ta tabbatar masa da takara a Janairun shekarar. Kuma ba a manta da ranar bankwanar majalisa ta 9 ba, a Yunin 2023, da Sanata Adamu Bulkachuwa ya miƙe yana nuna cewa ya sa baki wajen matarsa, Zainab Bulkachuwa, lokacin tana shugabar Kotun Ɗaukaka Ƙara, don taimaka wa abokan siyasa, har sai da Lawan ya katse shi. Ita ta musanta, shi ma daga baya ya ce ba a fahimce shi ba. Sai dai wannan duka hujja ce a kan ɓoye-ɓoye. Sanatan da ke neman alfarma wajen alƙali ya fi kowa son a ce a rusuna a wuce. Abin da ba ya so shi ne zaman da 'yan jarida da lauyoyi ke kallo, ana rubuta wanda ya yi tambaya da wanda ya yi gum.

Don haka abin da muke nema ba ya ma buƙatar gyaran kundin tsarin mulki. Majalisar Dattawa ta sa a dokokin zamanta cewa duk sunan alƙalin da ya iso sai ya kwana aƙalla mako uku kafin a kaɗa ƙuri'a, a buga sunan, a karɓi koke daga Ƙungiyar Lauyoyi da duk wanda ya taɓa tsayawa gaban alƙalin. A yi zaman kwamiti a fili, gidajen rediyo su ɗauka su fassara. Tambayoyin su tsaya kan aikinsa: hukuncinsa nawa kotun sama ta soke, kuma me ya sa, shari'a nawa ta shekara a teburinsa, ya taɓa bayar da umarnin wucin gadi ba tare da jin ɗaya ɓangaren ba a rikicin siyasa, me ya bayyana a takardar kadarorinsa. Sannan a daina ƙuri'ar murya, a kira kowane sanata da sunansa. A 2025 NJC a ƙarƙashin Mai Shari'a Kudirat Kekere-Ekun ta fara buga sunayen masu neman alƙalanci don jama'a su faɗi abin da suka sani. Mun yaba. Abin kunya ne a ce majalisar da ba zaɓenta aka yi ba ta riga zaɓaɓɓiya buɗe ƙofa.

Majalisar Dokokin Zamfara ma kada ta ɗauka maganar Abuja ce kawai. Ita ke amincewa da babban alƙalin jiha da kuma Grand Kadi, kuma babban alƙalin jiha ne ke kafa kwamitin bincike idan za a tsige gwamna ko mataimakinsa, kamar yadda aka gani a Fabrairun 2022 lokacin da aka tsige Mahdi Aliyu Gusau.

Mai Shari'a Kekere-Ekun za ta cika shekara 70 a Mayun 2028, ta yi ritaya. Sanatocin da za a zaɓa a 2027 ne za su tantance magajinta, da duk wanda zai cike gurbi a kotun a cikin shekara 4 na zamansu. Masu neman kujerar Zamfara ta Tsakiya za su zo Mada da Tsafe da Bunguɗu da alƙawarin tsaro da taki da titi, kuma suna da gaskiya, su ne suka fi damun mutane. Muna roƙon malamai da lauyoyi da 'yan jaridar yankin su ƙara musu da tambaya ɗaya a gaban jama'a: idan aka kawo sunayen alƙalai ranar Laraba aka ce a amince ranar Alhamis, za ka miƙe ka ce a dakata?