Hoto Kafin Ɗori: Abin da Tarukan Injiniyoyin Lafiya Ya Kamata Su Kawo wa Kunci

Kowace shekara injiniyoyi da likitoci suna haɗuwa a manyan taruka don nuna sababbin hanyoyin leƙa cikin jikin ɗan Adam ba tare da an tsaga shi ba. A Amurka akwai taron SB3C, wanda ke duba yadda ƙashi, jijiya da gaɓoɓi ke ɗaukar nauyi da motsi. Akwai kuma MICCAI, taron masu haɗa kwamfuta da hoton asibiti, wanda aka fara a 1998, amma bai taka ƙasar Afirka ba sai a watan Oktoban 2024, da aka yi shi a Marrakesh ta Maroko. Shekara 26 ke nan kafin ya iso nahiyar da ta fi kowace ƙarancin na'urorin ɗaukar hoto.

Mai riƙe da waya a Kunci, a arewacin jihar Kano, zai iya cewa ina ruwan biri da gada. Ruwansa kuwa ya yi tsaki, domin wani ɓangare na abin da ake nunawa a tarukan nan yanzu kan wayar hannu yake komawa, kuma manomi da ɗan acaɓa sun fi ɗan birnin Turai buƙatarsa.

Abin da waya ta riga ta iya

A 2017 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da Butterfly iQ, na'urar sikanin da ba ta wuce girman tocila ba, wadda ake jona ta da waya a ga hoton a fuskar wayar. Kamfanin Philips ma yana da irinta mai suna Lumify. A 2023 masu bincike a Jami'ar Stanford suka fitar da OpenCap, manhajar da ke amfani da bidiyon wayoyi biyu ta ƙiyasta yadda nauyi ke sauka a gwiwa da ƙugu lokacin tafiya, aikin da a da sai ɗakin gwaji mai tsadar gaske. A shekarar kuma wani gwaji da aka yi a Ostareliya ya nuna cewa yaran da ake zargin sun karye kusa da wuyan hannu, idan aka fara duba su da sikanin, hannunsu yana warkewa daidai da na waɗanda aka fara yi wa hoton ƙashi.

Ba labarin nesa ba ne kawai. Tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da manhaja wajen karanta hoton ƙirji don gano tarin fuka, kuma an yi ta zagayawa da na'urorin hoton tafi-da-gidanka a jihohin Najeriya, har da Kano. Idan na'ura ta iya zuwa ƙauye saboda tari, babu dalilin da zai hana ta zuwa saboda karaya.

Inda gizo ke saƙar

A ƙauyukan Kunci, wanda ya faɗo daga babur ko bishiya wurin mai ɗori ake fara kai shi. Yana kusa, kuɗinsa da sauƙi, kuma an san gidansu kaka da kakanni. Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959, yana cikin birnin Kano, kuma zuwa can na nufin kuɗin mota, kwana, da barin gona a tsakiyar damina.

Matsalar ita ce hannu ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin fata. Targaɗe, tsagewa, gocewar gaɓa da karayar da ta farfashe duk kumburi da zafi suke kawowa. Idan aka ɗaure karare da ƙarfi a kan gaɓar da ke ci gaba da kumbura, jini zai daina ratsawa, naman ya mutu, ƙarshe a yanke hannu ko ƙafa. Likitocin ƙashi a Najeriya sun daɗe suna rubutu a kan haka, kuma yara na cikin waɗanda abin ke rutsawa da su.

Yaƙi da masu ɗori ba zai kai ko'ina ba, mutane ba za su bar su ba. Abin da ya fi shi ne a kafa doka ɗaya da kowa zai iya riƙewa: hoto kafin ɗori. Ƙaramar na'ura a asibitin ƙaramar hukuma, ma'aikacin da aka horar, da likita a Dala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da zai duba hoton ta intanet ya ce wannan a ɗora a gida, wancan a taho da shi yau.

Jikin wa ake aunawa?

Akwai gyara na biyu. Manhaja abin da aka koya mata take sani, kuma yawancin hotuna da bidiyon da ake koyar da ita daga asibitocin Turai, Amurka da Asiya suke. Ba ta san bayan da ya yi shekara 30 a duƙe kan fartanya ba, ba ta san wuyan yarinyar da ke ɗaukar jarka a kan gammo ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon baya a 2020, kuma shi ne kan gaba wajen nakasa mutane. Amma ciwon bayan mai zaman ofis daban, na mai noman gero da gyaɗa daban.

An taɓa yin irin wannan bincike. A 1986 mujallar Nature ta buga aikin da aka yi kan matan Kenya, wanda ya nuna suna iya ɗaukar kayan da ya kai kashi 20 cikin 100 na nauyinsu a ka ba tare da ƙarin kashe ƙarfi ba. Tambayoyi irin wannan suna nan jibge a karkarar Kano. Ko OpenCap ɗin ma da wayoyin Apple aka gina ta, alhali Tecno, Infinix da itel ne a aljihun matasan Arewa.

Saboda haka lokaci ya yi da Jami'ar Bayero, Asibitin Dala da Asibitin Malam Aminu Kano za su riƙa shirya nasu taron shekara-shekara, a gayyaci ɗaliban injiniya, masu rubuta manhaja, ma'aikatan lafiya na karkara, har da masu ɗori, a kuma gabatar da sakamakon da Hausa.

Uzurin da ake kawowa

Za a ce babu wuta, babu kuɗi, asibitin da ke neman auduga ina shi ina sikanin. Gaskiya ne na'urar ba ta da arha, kuma a hannun wanda bai iya ba illa ce, domin hoton da aka karanta ba daidai ba ya fi rashin hoto haɗari. Sai dai waɗannan na'urori da batir suke aiki, sola na cajinsu, kuma kuɗinsu bai kama ƙafar asarar magidanci guda da ya rasa hannun noma ba. Horo da sa ido su ne sharaɗi, ba dalilin fasawa ba.

Kafin hukuma ta motsa, matashi na da abin yi. Duk wanda aka yi wa hoton ƙashi, a ɗora fim ɗin kan farin haske, a kashe filashi, a ɗauka a miƙe, a tura wa likita ta WhatsApp a matsayin fayil don kada manhajar ta rage ingancinsa. Kada a bar wa manhajar ƙirƙirarriyar basira hukunci. Idan kuma an riga an ɗora, sai yatsu suka yi sanyi, suka canza launi, suka daina ji, ko zafi ya riƙa ƙaruwa, a sassauta ɗaurin a nufi asibiti a ranar, ba gobe ba.