Tsofaffin kaset na bidiyo a Tawa: a wane tsari za a adana su?

A birnin Tawa aka fara gasar kokowa ta takobin ƙasa a shekarar 1975, kuma a nan ne Moustapha Alassane, ɗaya daga cikin iyayen sinimar Nijar, ya zauna shekaru masu yawa kafin rasuwarsa a 2015. Amma yawancin hotunan bidiyo na Adar, na kokowa da bukukuwan sallah da wa'azi da aure, suna kan kaset ne, cikin zafi da ƙura. Kamfanin Funai na Japan, na ƙarshe mai ƙera na'urar kallon kaset ɗin VHS, ya daina tun 2016. Kenan ko kaset bai lalace ba, abin kunna shi na ƙarewa.

Mafita ita ce a kwafe su zuwa kwamfuta, sai dai nan ne ake yawan tafka kuskure. Masu shagon tura bidiyo kan juya kaset zuwa MP4, tsarin da ke zubar da wani ɓangare na hoton domin fayil ya yi ƙarami. In aka tura shi ta WhatsApp sai a sake matse shi. Bayan hannu uku ko huɗu, fuskar ɗan kokowa ta zama hazo, kuma abin da ya zube ba ya dawowa.

Akwai tsarin da ba ya zubar da komai, sunansa FFV1. Michael Niedermayer ya ƙirƙiro shi a 2003 cikin manhajar FFmpeg, sannan ƙungiyar IETF mai tsara ƙa'idojin intanet ta wallafa cikakken bayaninsa a watan Agusta 2021. Kyauta ne, ba mallakar wani kamfani ba ne, kowa na iya karanta yadda aka gina shi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ƙasar da ba ta da kuɗin sayen lasisi kowace shekara. Yana kuma ɗauke da alamar bincike da ke nuna daidai inda fayil ya lalace. Manhajar VLC tana buɗe shi, kuma ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sanya shi cikin tsare-tsaren da ya fi so wajen adana bidiyo.

Matsalarsa nauyi ne. Awa guda ta tsohon kaset tana iya haura gigabait 30, yawancin wayoyi ba sa kunna shi kai tsaye, ga kuma ɗaukewar wutar lantarki da ke barazana ga faifan ajiya. Ba abin da za a tura wa ɗan uwa a Abijan ba ne.

Saboda haka kwafi biyu ya kamata a yi: uwa a FFV1, a ajiye a wurare biyu daban, sai ƙarami a MP4 don wayoyin jama'a. Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa da gidajen rediyo da talabijin na jihar su ne suka fi dacewa su riƙe uwar, muddin sun fara tattara kaset ɗin tun akwai sauran na'urorin da ke aiki a gari.