An ba Jibo Bakari titi, ina labarin 'yan Sawaba?

Ranar 15 ga Oktoban 2024, hukumomin Yamai suka cire sunan Janar de Gaulle daga wani babban titin birnin, suka sa na Jibo Bakari. Ya cancanta. Shi ne shugaban gwamnatin da ya kira 'yan Nijar su ce wa Faransa "a'a" a ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumban 1958. Ya rasa kujerarsa a kan haka, aka kuma haramta jam'iyyarsa ta Sawaba a 1959.

Sai dai allon titin ya ɗauki ɓangaren da ke da daɗin faɗi ne: Jibo da Nasara. Sauran labarin tsakaninmu yake. A Oktoban 1964 samarin Sawaba da suka samu horo a Gana, Aljeriya da Sin suka shigo da makamai ta iyakokin kudu, har da yankin Ƙwanni da ke maƙwabtaka da mu. Waɗanda suka farauce su 'yan ƙasa ne: jandarmomi, 'yan sa-kai na jam'iyyar RDA, da mutanen ƙauye da aka tayar. An harbe wasu a bainar jama'a a Yamai. Bayan gurnetin da aka jefa wa Diori Hamani a filin Idi a Afrilun 1965, kame ya ƙara tsanani.

Yawancin 'yan Sawaba ba manya ba ne: teloli, yaran mota, ƙananan 'yan kasuwa. Ɗan lakkwal a Madawa, Buza ko Keita ya haddace 3 ga Agusta da 18 ga Disamba, amma tambaye shi 1964 ka ji. Wanda ya ga abin yana ɗan shekara 20, yau ya haura 80.

Ƙasar Ailan ta san irin wannan ciwo. Waɗanda suka yaƙi Ingila tare sun juya wa juna bindiga a 1922, kuma jam'iyyu biyun da suka fito daga wannan yaƙin basasa ba su kafa gwamnati tare ba sai a 2020. Amma sun yi dabara ɗaya: daga 1947 zuwa 1957 gwamnati ta rubuta shaidar tsofaffin 'yan gwagwarmayar neman 'yanci, shaida 1,773, ta kulle, ba a buɗe ba sai 2003. Mai magana ya yi magana ba tsoro, jikoki suka tarar da ita.

Mu kuwa, littafi mafi zurfi kan Sawaba, wani ɗan Holan, Klaas van Walraven, ya rubuta shi da Ingilishi a 2013. Jami'ar Tawa da rediyoyin karkara na Adar za su iya naɗar muryar tsofaffin nan da Hausa, waɗanda aka kora da waɗanda suka yi korar. Kuɗin aikin bai kai na shagalin Tahoua Sakola na yini guda ba.