Wa Zai Ba Shi Ruwa Bayan An Watse?

Shekaru kaɗan da suka wuce, a tsakiyar damina, an gayyace ni bikin dashen itatuwa a wata jami'a a nan Arewa. Ba zan kama sunanta ba, don abin da na gani a can ba halinta ba ne ita kaɗai. An kafa rumfuna, an jera fararen kujerun roba, an kawo sabon shebur an ɗaura masa koren ƙyalle a wuya sai ka ce ragon suna. Shugaban jami'a ya tattare hannun babbar riga, ya sa dashen maɗaci a ramin da wasu suka haƙa tun jiya, aka miƙo masa buta ya tsiyaya ruwa, masu hoto suka yi ta ɗauka. Aka sha jawabai a kan sauyin yanayi da kwararowar hamada, aka raba lemo da ruwan leda. Ana watsewa iska ta kwashi ledojin ta manna su a jikin dashen da muka taru dominsa.

Cikin watan Maris wata hidima ta sake kai ni wurin. Layin dashen nan ya koma layin tsinke. Awakin ƙauyen da ke maƙwabtaka sun yi kalaci da wasu, rani ya ƙarasa sauran. Allon da aka rubuta ranar biki da sunan babban baƙo kuwa yana nan daram, ko fentinsa bai koɗe ba. Guda ɗaya tak na tarar da ganye, a bayan ƙaramin masallacin wani sashe. An kewaye shi da ƙaya da gutsattsarin bulo, an kuma ja wata 'yar kwata da fartanya daga wurin alwala zuwa gindinsa.

Na gaida dattijon da ke gadin wurin, na ce, "Baba, wa ya sa ka wannan aiki?"

Ya yi dariya. "Wa zai sa ni, Malam? Ga ruwan alwala yana ta malala a banza, ga ɗan itace yana jin ƙishirwa. Sai na haɗa su." Ya gyara zama a kan bencinsa ya ƙara da cewa, "Ai dashe kamar yaron goye ne. Sai ya ga rani biyu kafin ka juya masa baya."

Yanzu ana yayin tsara yadda jami'o'i za su kula da muhallinsu. A kafa kwamiti, a yi taron bita a otal, a fito da kundi mai ƙyalli da Turanci mai nauyi. Ni ban ƙi ba. Jami'a gari ce sukutum, dubban mutane ne ke kwana a cikinta, su yi wanka, su yi girki, su zubar da shara. Harabar Samaru ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, har madatsar ruwanta gare ta a kan rafin Kubanni. Wanda ya taɓa takawa a ƙasa cikin sabon mazaunin Jami'ar Bayero da ke hanyar Gwarzo ya san faɗin abin da ake magana. Garin da ya kai haka ba ya zama babu tsari. Ƙorafina shi ne yawancin tsare-tsarenmu don ranar yanka kintinkiri ake rubuta su. Ranar gyara ba ta da shafi a cikin kundin, kuma irin su Baba ba a san da zamansu ba.

Ɗauki maganar wuta. A watan Satumba na 2019 Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da tashar lantarki mai haɗa hasken rana da batura da injina a Jami'ar Bayero, mai ƙarfin megawat 7.1, a ƙarƙashin shirin hukumar samar da lantarki a karkara. Abin a yaba ne. Da aka zo Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A zuwa naira 225 kowane ma'auni, ninki uku da ɗoriya a kan na da, shugabannin jami'o'i da dama suka fito suna kuka da takardar kuɗin wuta, sai kowa ya gane cewa hasken rana ba kwalliya ba ne. To amma faifan sola a ƙasarmu yana da kishiya, ita ce ƙurar hunturu. In ta kwanta a kansa wutar da yake bayarwa raguwa take yi, sai an wanke shi, wanki kuwa yana son ruwa da hannun mutum. Batur ma yana da wa'adi, in ya tsufa sai sabo, sabon kuma da dala ake sayo shi. Saboda haka duk jami'ar da aka yi wa irin wannan alheri, ko take neman a yi mata, tambayar da ya kamata majalisarta ta fara yi ita ce: a wane layi na kasafin kuɗi aka ajiye albashin mai wanke faifan, kuma nawa ake tarawa duk shekara don ranar da batur zai ce ga garinku nan? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani abin da ke ɗaure mini kai shi ne irin gine-ginen da muke yi. A garin da zafin bazara ke haura digiri 40, sai a tashi ɗakin lacca da bangon gilashi yana kallon yamma, a rufe shi ruf, a jingina rayuwar ɗalibai ɗari biyar da na'urar sanyaya ɗaki. Ana ɗauke wuta ɗaki ya zama tanderu, malami yana fifita da takardar darasi, ɗalibai suna gyangyaɗi. Alhali tun ƙarni na 19 Babban Gwani ya gina masallacin Juma'a na Zariya da ƙasa da azara, kuma duk wanda ya shiga soron Gidan Makama a Kano da tsakar rana ya san yadda katanga mai kauri da rufi mai tsawo da ƙananan tagogi ke riƙe sanyi. Ban ce a koma tubali ba. Amma inda gini zai fuskanta, da faɗin baranda, da inda iska za ta shiga ta fita, duk ana koyar da su a sashen zanen gine-gine na jami'ar, wani lokaci a ginin da ke kallon wanda aka ɓata. Malaman da ke koyar da abin sukan ga sabon gini ne kamar yadda ni da kai muke ganinsa, bayan ɗan kwangila ya riga ya zuba harsashi.

Mu dawo kan itace, don a nan ne nake ganin bakin zaren yake. 'Yan'uwanmu na Maraɗi sun riga mu gane wani abu. Bayan farin shekarun 1970 da na 1980 an kashe kuɗi mai yawa wajen dashe a Nijar, akasarin dashen ya mutu. Sai wani ɗan Ostareliya mai aikin gona a yankin, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsire-tsiren da ake sassabewa a gona duk shekara ba ciyawa ba ce, toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare, saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Manoma suka fara zaɓen reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi su bari, su datse sauran, su tsare su daga dabba da gatari. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya ƙasar da ta kai hekta miliyan 5 ta sake yin itatuwa, wajen miliyan 200, da yawansu gawo, wanda ke kaɗe ganyensa da damina ya bar wa gero rana, ya kuma ba ƙasa taki. Ba a kafa rumfa ba, ba a raba lemo ba. Abin da ya sauya shi ne manomi ya yarda cewa itacen nan nasa ne, shi zai ci amfaninsa.

A harabar jami'a kuwa itace maraya ne. Kayan gwamnati ne, wato na kowa, wato ba na kowa ba. Da za a ji tawa, da an daina ƙirga dashe ranar da aka dasa shi. A ƙirga shi a ƙarshen Afrilu, lokacin da ƙasa ta yi jawur, a ga nawa ya rage. Kowane sashe a damƙa masa nasa, da sunansa, shugaban sashe ya kawo lissafi gaban majalisa kamar yadda yake kawo sakamakon jarrabawa. Gara hamsin da suka ga rani biyu da dubu biyar da suka fito a talabijin. Ruwan alwala da na wanki da ke kwarara daga masallatai da ɗakunan kwanan ɗalibai kullum, ba ya buƙatar kwangila kafin ya isa gindin darbejiya, bututu ne da 'yar dabara. Kuma a daina tara farfesoshi su kaɗai a kwamitin. Mai ban ruwa da mai shara da mai gyaran famfo sun san inda bututu ya fashe tun bara, sun san kwatar da ke toshewa duk Agusta saboda ledar ruwa. A wurare da dama su ne ƙarshen samun albashi, ta hannun ɗan kwangila, bayan watanni. Wanda ba a biya haƙƙinsa ba, da wane baki za a ce masa ya riƙe amanar muhalli?

Na ce amana, don a ganina maganar ta wuce ta inuwa da kuɗin wuta. Ɗalibi yana karatu biyu ne a jami'a, na allo da na ido. In ya shekara huɗu yana tsallake famfon da ke zuba ba dare ba rana, yana ganin ƙwan lantarki a kunne da tsakar rana, yana shaƙar hayaƙin bolar da ake ƙonawa a bayan ɗakin kwanansa, ya haddace darasin cewa abin jama'a ba shi da mai shi. Gobe shi ne darakta, shi ne kwamishina. Tun muna Islamiyya aka koya mana cewa ɓarnar ruwa abin ƙi ce ko a wajen alwala, kuma dashen itace sadaka ce muddin mutum ko tsuntsu na amfana da shi. Mun iya faɗa. Ni kaina, lokacin da nake ɗalibi, akwai famfon da na yi zango biyu ina ɗage wando in wuce ta gefensa, ban taɓa tunanin in je in gaya wa kowa ba. Ina cewa ai akwai masu aikin. Watakila su ma suna cewa ai akwai masu kawo rahoto.

Bara na sake bi ta jami'ar nan, na ratsa ta bayan masallacin. Baba ya yi ritaya, an ce ya koma garinsu. Maɗacin ya haura rufin masallaci, an ajiye benci biyu a ƙarƙashinsa, wasu 'yan mata suna bitar darasi, wata tana sayar da awara a gefe. Sai na hangi jan fenti a jikin gindinsa, ga kuma turakun masu awo an kakkafa an zagaye wurin da igiya. Na tambayi saurayin da ya gaji gadin.

"Ofisoshi za a gina, Yallaɓai," in ji shi.

"Itacen fa? An ce wani abu a kansa?"

Ya ɗaga kai ya dube shi, kamar ranar ya fara ganinsa. Ya ce shi dai an gaya masa ya matsar da bencinsa kafin Litinin.