Raddi ga Masu Cewa Kirsimeti Bikin Gunkin Rana Ne

Da zarar hunturu ya sauko Kafanchan, sai tsohuwar maganar nan ta sake tashi a tasha da kasuwa, har a bakin wasu masu wa'azi: wai 25 ga Disamba ranar haihuwar gunkin rana ce ta Romawa, Sarki Konstantin ya ɗauko ta ya liƙa wa Almasihu, saboda haka duk mai zuwa coci ran Kirsimeti rana yake bauta wa bai sani ba. A garin da bai manta abin da gardamar addini ta haifar a Kwalejin Ilimi cikin Maris 1987 ba, mai faɗin magana irin wannan ya kamata ya zo da hujjarsa a hannu. Ba sa zuwa da ita.

A wane littafi Konstantin ya kafa wannan doka? Taron Nikiya na 325 da suke yawan ambata lissafin ranar Ista ya duba, bai ce uffan kan Kirsimeti ba. Konstantin ya mutu a 337, amma birninsa na Konstantinoful bai san bikin 25 ga Disamba ba sai wajen 380. Wace irin doka ce ta sarki da za ta yi shekara arba'in ba ta shiga gidan sarkin ba? Takarda mafi tsufa da ta sa bikin gunkin rana a wannan kwanan ita ce kalandar Roma ta 354, kuma cikin wannan kundin ne aka rubuta haihuwar Almasihu a Baitalami ran 25 ga Disamba, a wani jeri da masana suka ce tun 336 aka tsara shi. To wa ya ara daga wa? Za su ce ai Sarki Aureliyan ya gina wa rana haikali a 274. Ya gina. Amma tun wajen shekara ta 200 Tertuliyan na Kartaj ya rubuta cewa ran 25 ga Maris aka gicciye Yesu, Kiristocin yamma kuma suka riƙe cewa ranar mutuwarsa ita ce ranar da Maryamu ta ɗauki cikinsa, kamar yadda Agustin na Hippo ya bayyana daga baya. Ƙirga wata tara. A gabas lissafin ya kai su 6 ga Janairu, ranar da cocin Armeniya ke riƙe da ita har yau.

Gaskiya ne Matiyu da Luka ba su faɗi rana ba, kuma ba fasto ko fada mai ilimi da ya ce sun faɗa. Ranar tunawa ce coci ta tsayar. Bikin Afan na Kagoro 1 ga Janairu ake yinsa, ba wanda ya taɓa cewa mutanen Kagoro gunkin Romawa mai suna Janus, wanda aka sa wa watan sunansa, suke girmamawa.

Sai batun makiyayan da ke cikin labarin haihuwar Yesu, wai makiyaya ba sa kwana a daji da sanyi, don haka ba a Disamba aka haife shi ba. Mai faɗin haka bai taɓa ganin Fulani da garkensu a tsakiyar hunturu ba ke nan?

Maganar cewa Kirsimeti bikin Nimrod da Tammuz na Babila ne kuwa, daga littafin Alexander Hislop ta fito, wani faston Sikotland na ƙarni na 19 da ya rubuta shi don sukar Katolika, kuma masana tarihin Babila sun daɗe da yin watsi da shi.